Kafin ku zuba jari a tsohuwar Fijo: Shawara ga 'yan kasuwar Damargu

Duk shekara da zarar kaka ta yi, hatsi ya shiga rumbu, an sayar da wake da 'yan dabbobi, sai ka ji hirar sayen mota ta tashi a tsakanin 'yan kasuwar Belbeji da Tanut. Wani shi kaɗai zai saya, wasu kuma haɗa hannu suke yi, har da mata masu adashe da suka gaji da biyan kuɗin mota duk ranar kasuwa. Motar da aka fi ambata kuwa ita ce tsohuwar Fijo 504, ko dai akori-kura wadda wasu ke ce wa bashe, ko kuwa doguwar nan mai kujeru layi uku.

Ba mu ga laifin masu sha'awarta ba, domin kuwa ta yi abin da za a so ta. A shekarar 1968 kamfanin Peugeot na Faransa ya fito da ita, a 1969 aka zaɓe ta gwarzuwar mota a Turai. A 1975 ta cinye gasar tseren Safari ta ƙasar Kenya, inda ake gudu a cikin laka da ƙura da duwatsu, sannan a 1978 ƙanwarta mai ƙofa biyu ta sake cinyewa. A wannan shekara ta 1975 ne kuma aka fara harhaɗa motocin Fijo a Kaduna, wanda hakan ya sa 504 ta cika ƙasar Hausa, kusan kowane bakanike ya san cikinta da bayanta.

To amma akwai abin da ya kamata mai saye ya riƙe a ransa. A shekarar 2006 aka daina yin 504 a Kaduna, Turai kuwa sun daɗe da dainawa kafin nan. Ke nan duk wadda aka nuna muku yau, komai ƙyallinta, ta kai shekara ashirin ko ta doshi haka, wata ma ta haura arba'in. Saboda haka wanda ya sayi irin wannan mota, abu biyu ya saya: ƙashinta da takardunta. Inji ana sauya shi, fenti ana sake shi, kujera ana ɗinke ta, amma idan shasi ya karye ko takarda ta zamo ta bogi, to jari ya tafi.

Wannan ba a kanmu aka fara ba. A garin Malban na ƙasar Ingila akwai kamfanin Morgan da ya shafe sama da shekara 100 yana ƙera ƙananan motocin tsere da hannu, kuma katako ne firam ɗin da ke riƙe da jikin motar. Masu sayen tsofaffinsu a can ba su fara duba fenti, sai sun fara bincika ko katakon ya ruɓe, da kuma ko shasi ya ci tsatsa. Idan masu sayen motar shaƙatawa suna wannan taka-tsantsan, ina ga wanda zai ci abinci da ita?

Abu na farko, kada a yi cinikin biri a sama. Kada a biya ko dala a kan hoton da aka turo ta waya. A je da rana tsaka, a kuma tafi da bakaniken da ku kuka ɗauko, ba wanda dillali ya kawo ba, domin dillali la'adarsa yake nema. A hau da motar kan rami, a shiga ƙarƙashinta da tocila. A duba inda sifirin na baya ya kama shasi, da mahaɗar kan mota da bodi, domin nan ne lodi ke fara tsagawa. Sabuwar walda, ko baƙin fenti mai kauri da aka shafa a ƙasa, alama ce ta ana ɓoye wani abu. A ɗaga shimfiɗar ƙafa a ƙwanƙwasa ƙarfen. Ƙasarmu busasshiya ce, motar da ta yi rayuwarta a nan ba ta cika tsatsa ba, amma wadda ta zauna a Kwatano ko Legas iskar teku ta ci ta, ta Turai kuma gishirin da suke zubawa a titi lokacin ƙanƙara ya ci ta. Sannan a tsaya daga baya a sa wani ya ja ta. Idan tana tafiya a karkace kamar kaguwa, ta taɓa yin mummunan haɗari.

Abu na biyu shi ne inji. A ce da mai mota kada ya tayar da ita kafin ku zo, a taɓa injin a ji yana da sanyi, domin injin da ya gaji a tashin farko yake tona kansa. Shuɗin hayaƙi daga salansa na nufin yana shan baƙin mai. Farin hayaƙin da bai ɗauke ba bayan inji ya yi zafi, ko baƙin mai da ya koma kalar shayi da madara, na nufin ruwa na shiga inda bai kamata ba, gaskit ya ƙone. Kan injin 504 mai fetur na alminiyom ne, idan ya sha zafi fiye da kima yakan lanƙwashe. A duba lagireto da kyau, domin motar da ke tafasa a kan kwalta ba za ta kai ko'ina ba a cikin rairayi da zafin bazara. A kuma buɗe matatar iska: idan ƙura ta wuce ta, to ta riga ta cinye zoben fistin. Gwaji kuma a yi shi da kaya, a hanya irin wadda za ta riƙa bi, a saurari giya da birki da kukan ƙafar baya.

Abu na uku, takardu. A gwada lambar da aka buga a jikin shasi da wadda ke cikin kart giris, harafi da harafi. Idan wurin lambar ya nuna alamar guga ko walda, a haƙura komai araha, araha dai ba ta ado. A tabbata sunan da ke takarda na mai sayarwa ne, ko yana da shaidar wakilci. Motar da aka sayo a Kano ko Katsina da lambar Nijeriya sai an biya mata kuɗin duwan kafin ta samu lambar Nijar, don haka a je ofishin duwan a ji adadin tun kafin a yi ciniki. A haɗa da inshora da takardar binciken lafiyar mota, a kuma rubuta takardar ciniki a gaban shaidu, a kai hukuma ta buga hatimi.

Daga nan sai a tambayi kai, wace hanya motar za ta bi? Fijo 504 ƙafar baya kawai ke ja, in ban da 'yan kaɗan da kamfanin Dangel na Faransa ya mayar masu jan ƙafa huɗu. A kan babbar hanyar Damagaram zuwa Agadas, wadda ta ratsa Bakin Birji da Tanut, za ta yi aiki. Amma wanda kasuwancinsa ke cikin ƙauyukan Tarka da rugagen arewa, inda rairayi ke da zurfi, da damina kuma ƙoramu su kawo, gara ya ƙara haƙuri ya tara kuɗin Hilux ko Land Cruiser mai jan ƙafa huɗu, ita ma a yi mata irin wannan bincike. Haka kuma akori-kura kimanin tan ɗaya aka yi ta ta ɗauka, wato buhun gero goma mai kilo 100 ko sama da haka kaɗan. Wanda ya loda ashirin ya ɗora mutane a kai, yana cin kuɗin gobe ne a yau.

Kada kuma a ƙarar da kuɗi duka a wurin saye. Shawararmu ita ce a ware kamar kashi ɗaya cikin huɗu domin tayoyi da batir da gyaran farko. A tambayi bakanike ko ana samun kayanta a Damagaram, ko sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano, domin duk ranar da mota ta kwana a garaji tana jiran kaya, kasuwa ɗaya ta wuce.

Ku kuma iyayenmu mata da ke haɗa kuɗin adashe, ku rubuta wa ya zuba nawa, sunan wa zai hau takarda, wa zai riƙe kuɗin shiga, da yadda za a yi idan wata ta so ta fita. Ku yi wa direba sharaɗin lodi tun ranar farko, ku kuma ware kuɗin gyara daga cinikin kowace kasuwa kafin a raba riba. Zumunci da yawa ya lalace a kan motar haɗaka saboda an bar komai a baki.

Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya kuma kiyaye hanya, amin.