Kafin Ka Danna "Tura": Aikin da Ke Bayan Maɓallin Waya

A Agoè-Zongo, inda hukuma ta mayar da Zangon Lome a 1977, ɗan kasuwa kan tura kuɗi ta Flooz, ko ya kira mai babur ta Gozem, manhajar da ta fara aiki a birnin a 2018. Duk maɓallin da ya danna, akwai wanda ya zauna ya tsara masa halinsa.

Masu haɗa manhaja ba sa ƙera maɓalli daga tushe. Akwai rumbunan kayan aiki irin su Qt da GTK, da kuma Flutter na kamfanin Google, inda ake ɗauko maɓalli da gurbin rubutu a shirye, kamar yadda magini ke sayo ƙofa da taga daga wurin mai walda. Abin da ya rage shi ne saiti: gurbin kuɗi ya ƙi karɓar harafi, maɓallin "tura" ya ƙi dannuwa sai lambar waya ta cika, kuma ya kulle bayan dannawar farko, don kada intanet ya yi nauyi mutum ya sake dannawa kuɗi su fita sau biyu.

Daga nan sai gwaji. Ana rubuta ƙaramin shiri da zai riƙa danne-danne kamar mutum, yana duba ko an samu abin da ake so. Amma shirin bai san Zango ba sai an sanar da shi. Baƙon da ya zo daga Kano zai rubuta 10,000 yana nufin dubu goma, alhali a tsarin Faransanci waƙafi na raba cikakkiyar lamba da ɓurɓushi ne, sai na'ura ta karanta sefa goma. Haka kuma suna mai ɓ, ɗ ko ƙ kan koma ɗan akwati fanko in ba a gwada ba.

Ko manya ba su tsira ba. A watan Agustan 2020, bankin Citibank na Amurka ya aika kusan dala miliyan 900 bisa kuskure, domin ma'aikata sun yi alama a akwati ɗaya a cikin manhaja, alhali uku ake buƙata.

Saboda haka matashin Zango mai koyon wannan sana'a ya miƙa wa wani dattijon dillalin shanu wayar, ya ja bakinsa ya yi shiru. Duk inda dattijon ya tsaya yana neman taimako, nan ne gyara yake. Kai kuma mai turawa, karanta suna da adadi kafin ka sa lambar sirri.