Tsarabar Disamba: Littattafai Huɗu Ga Yaran Kudancin Kaduna

Duk ƙarshen shekara, ma'aikata daga Abuja kan nufi Kafanchan, Kagoro da Zonkwa, motoci maƙare da shinkafa da atamfa. Da wuya a ga littafi cikin kayan, alhali shi ne tsarabar da ba ta ƙarewa da watsewar biki.

Ga 'yan firamare, akwai Boom Boom na Jude Idada, labarin yaron da ƙanwarsa ke fama da cutar sikila, wanda ya ci kyautar adabi ta NLNG a 2019. Shi kuwa The Road Does Not End na Olubunmi Familoni, gwarzon 2024, kan bautar da yara ya yi magana.

'Yan sakandare a ba su The Passport of Mallam Ilia na Cyprian Ekwensi, na 1960, labarin ramuwar gayya da aka bayar cikin jirgin ƙasa. Zai zauna daram a Kafanchan, garin da layin dogo ya raya. Magana Jari Ce na Abubakar Imam kuwa ba ya tsufa.

Sai dai littattafan yara cikin harsunan Tyap, Jju da Hyam sun yi ƙaranci matuƙa. Duk wanda ya dace da ɗaya, ya sayi biyu: na gida, da na makarantar ƙauyensu.