Lambar sirri: me ya kamata takardar bayani ta faɗa?

Idan ka sayi katin waya a kasuwar Ƙonni, Malbaza ko Illela, ka kankare shi, za ka ga jerin lambobi. Da a jere suke, kamar 1, 2, 3, ɓarawo zai gane lambar kati na gaba, ya ci kuɗin wani. Shi ya sa kwamfuta take fitar da su kamar ƙuri'a.

Ƙuri'ar kwamfuta iri biyu ce. Ta farko tana bin wani lissafi, wanda ya gane shi zai san lambar da ke tafe. Ta biyu babu mai iya cinkarta. Ita kaɗai ta dace da tsare kuɗi da sirri.

Wajibi ne takardar bayanin manhaja ta faɗi abu uku:

1. Daga ina lambobin suke fitowa?
2. Sun dace da tsare sirri, ko kuwa na wasa ne kawai?
3. A wane hali kariyar take rushewa?

Kuskure a nan yana da tsada. A shekarar 2008 an gano cewa manhajar Debian ta yi kusan shekara biyu tana fitar da makullan sirri masu sauƙin cinka. Dole jama'a da yawa suka sake makullansu.

Kai ma ka kiyaye. Lambar sirri mai alƙaluma 4 tana da zaɓi 10,000. Kada ka ɗauki 1234 ko shekarar haihuwarka. Kada ka faɗa wa kowa, ko da ya ce daga kamfani yake.