Bangon gilashi a Sabha: Kafin ka zuba kuɗinka, yi shawara da rana

Duk wanda ya saba bin hanyar Agadas zuwa Dirku, ya ratsa Tummo da Gatrun ya faɗa Sabha, ya san cewa babban birnin na yankin Fazzan ba garin dogayen benaye ba ne. Sai mutum ya ƙara tafiyar sama da kilomita 700 zuwa Tarabulus kafin ya ga benen da aka lulluɓe da gilashi tun daga ƙasa har sama, irin otal ɗin JW Marriott da aka buɗe a watan Fabrairun 2011, aka kuma rufe shi ba da jimawa ba saboda rikicin da ya kawo ƙarshen mulkin Gaddafi. To amma yayin bai tsaya a manyan birane ba, domin ɗan kasuwar da Allah Ya hore wa, a Sabha yake ko a Maraɗi ko Jibiya, yana sha'awar ya ga fuskar shagonsa tana ƙyalli da gilashi da alminiyam.

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya sani shi ne, irin wannan bango ba shi ke ɗauke da gini ba. Ginshiƙan kankare ko na ƙarfe su ke riƙe da nauyi, shi kuwa gilashin rataye shi ake yi a jikin sandunan alminiyam kamar yadda ake rataye labule, shi ya sa ma masana gini ke kiransa bangon labule. Salon ya yi fice ne a Amurka bayan kammala benen Lever House na birnin Niyok a 1952, sannan gilashi mai santsi ya yi araha bayan da kamfanin Pilkington na Ingila ya bayyana dabarar zuba narkakken gilashi a kan narkakken kuza a 1959. Benen Burj Khalifa na Dubai, wanda aka buɗe a 2010 mai tsawon mita 828, yana sanye da fallayen gilashi kusan 26,000.

Sai dai fa abin da ya yi wa mai kuɗin Dubai daidai ba lallai ne ya yi wa mai shago a Sabha ba. A nan zafi kan haura digiri 40 a lokacin bazara, kuma gilashi fari falle ɗaya yana barin kusan kashi 80 cikin 100 na zafin ranar da ya dake shi ya shige ciki. Idan shagon ya kalli yamma, to da la'asar ya zama tanda. Turare ya canza ƙamshi, magani ya lalace, atamfa ta koɗe. Mafita ita ce na'urar sanyaya ɗaki, alhali kudancin Libiya ya sha fama da ɗaukewar wuta tun bayan 2011. Ke nan ribar da aka samu a kanta sai ta tafi a tankin janareta.

Ga kuma iskar gibli mai ɗauke da yashi, wadda ke dusashe ƙyallin gilashi, ta cusa ƙura a duk inda roba ko silikon ya saki. Haka nan alminiyam ya fi gilashi miƙewa fiye da ninki biyu idan ya yi zafi. Sanda mai tsawon mita 3 kan ƙaru da kusan milimita 3 idan zafinta ya ƙaru da digiri 40, saboda haka in mai haɗawa bai bar sarari ba, wata rana sai a ji tas.

Ga masu fataucin kayan kuwa, akwai lissafin da ba ya ƙarya: kowace murabba'in mita na gilashi mai kaurin milimita 6 tana da nauyin kilo 15, wato mita 100 tan ɗaya da rabi ke nan ban da akwati. A tsaye ake ɗora shi a mota, ba a kwance ba. Gilashin da aka gasa ya fi na gama-gari ƙarfi kamar sau huɗu, kuma idan ya fashe ƙanana yake zuba, amma ba ya yankuwa bayan an gasa shi, don haka kuskuren awo asara ce kai tsaye. Akwai mai leda a tsakiya wanda ko ya tsage ba ya zubowa, ya dace da ƙofar shago. Akwai kuma mai falle biyu da iska a tsakani, wanda idan an yi masa shafe mai mayar da zafi ya fi dacewa da Sahara, ko da yake ya fi tsada. Baƙin launi kawai ba shaida ba ce, a nemi takardar da ke nuna yawan zafin da gilashin ke bari ya wuce.

Abin lura shi ne, hatta masu arzikin man fetur sun dawo kan dabarar kakanni. Tagwayen benayen Al Bahr na Abu Dabi da aka kammala a 2012 an yi musu rumfuna a gaban gilashi, masu buɗewa da rufewa gwargwadon inda rana take. Mutanen tsohon garin Gadamas, waɗanda fatakensu suka daɗe suna zuwa Kano, tuni suka gane haka, inda suka yi katanga mai kauri da ƙananan tagogi, suka kuma rufe lungunansu.

Saboda haka wanda zai gina shago ya sa gilashi a ɓangaren da ya kalli arewa, ya yi rumfa a gabas da yamma, ya bar tagar da za a iya buɗewa ranar da babu wuta. Hausawa dai sun ce daidai ruwa daidai tsaki.