Sankarar mama: An sassauta tiyatar hammata

Likitocin da ke yi wa mata maganin sankarar mama sun rage yawan kaluluwar da suke cirewa daga hammata, bayan da bincike ya nuna cewa tiyata mai faɗi ba ta ƙara yawan waɗanda ke tsira daga cutar idan an gano ta da wuri.

Kaluluwa dai wasu ƙananan ƙwayoyi ne da ke tace ruwan jiki, kuma waɗanda ke hammata su ne zangon farko da cutar kan yada idan ta fara bazuwa daga mama.

Tun ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da likitan nan na Amurka William Halsted ya yaɗa salon tiyatarsa, akan cire maman ne haɗe da kaluluwar hammata. Sai dai hakan kan toshe hanyar ruwan jiki, inda kusan mace ɗaya cikin biyar kan gamu da kumburin hannu.

Kumburin kan zo da nauyi da tsami, ya hana mace daka ko wanki ko ɗaukar yaro, kuma ba ya warkewa baki ɗaya, sai dai a yi ta lallaɓa shi.

Kaluluwar farko

A farkon shekarun 1990 ne aka ɓullo da wata dabara. Likita kan yi wa maman allurar shuɗin ruwa, ya bi sawunsa zuwa kaluluwar da ya fara isa, ya cire ɗaya zuwa uku a auna. Idan babu cutar a cikinsu, sai a bar sauran.

Da wannan hanya, kimanin kashi 6 cikin ɗari ne kawai na matan ke samun kumburin hannu.

A shekarar 2011 aka wallafa wani bincike da aka gudanar a Amurka kan mata kusan 900 masu ƙaramin ƙari, waɗanda aka samu cutar a kaluluwarsu ɗaya ko biyu, aka cire ƙarin kaɗai, sannan aka yi musu gashi.

Bayan shekara goma, kashi 86 cikin ɗari na waɗanda aka bar musu sauran kaluluwar suna raye, idan aka kwatanta da kashi 84 na waɗanda aka kwashe musu.

Wasu binciken biyu, na Italiya a 2023 da na Jamus da Ostiriya a 2024, sun nuna cewa wasu matan masu ƙari ƙarami, waɗanda hoton na'ura bai nuna komai a hammatarsu ba, za a iya ƙyale hammatar ba tare da tiyata ba.

Halin da ake ciki a Najeriya

To sai dai duk wannan sassauci na wadda ta je asibiti da wuri ce.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a 2022 mata fiye da 32,000 ne suka kamu da sankarar mama a Najeriya, fiye da 16,000 kuma suka rasu. Akasarinsu kan isa asibiti ne bayan cutar ta yi nisa, lokacin da kaluluwar ta riga ta kumbura, kuma sau da yawa babu makawa sai an kwashe ta.

Akwai kuma batun gashi, wanda sassaucin ya dogara a kansa. Matar da ke unguwar Takur a Dutse na iya ganin likita a asibitin Rasheed Shekoni, amma gashi kan buƙaci tafiya zuwa cibiyoyi irin na Zariya ko Sakkwato ko Abuja, da zaman makonni a can.

Likitoci dai na shawartar duk macen da ta ji ƙullutu a mama ko a hammata, ko da ba ya ciwo, da ta garzaya asibiti, ta kuma tambayi likita kafin tiyata ko za a iya fara auna kaluluwar farko.