Ba Tsadar Kyamara Ke Sa Hoto Ya Yi Kyau Ba

Duk ranar Hawan Daushe a Kano, samari kan cika bakin hanya, kowa ya ɗaga kyamara ko wayarsa sama. Amma in aka koma gida aka duba, sai a tarar doki ya zama kamar hayaƙi, fuskar mahayi ta yi baƙi ƙirin, ko kuwa turken lantarki ya tsiro a bisa rawanin hakimi. Nan da nan sai a ɗora wa kyamara laifi, a ce ai ƙarama ce. To, wanda ya karɓi kuɗin mutane don ya ɗauki biki ba shi da wannan hanzari, domin kuwa ba a sake ɗaurin aure saboda mai hoto.

Tarihin marigayi J. D. Okhai Ojeikere ya isa ya kawar da wannan zato. An haife shi cikin 1930 a wani ƙauye na Jihar Edo ta yanzu. A 1950 ya sayi wani ɗan akwati mai araha da ake kira Brownie D, ko fitila babu. Irin wannan akwati hoto takwas kacal yake ɗauka fim ya ƙare, watau dole mutum ya yi tunani kafin ya danna. Cikin 1954 ya sami aiki a ɗakin wankin hoto na Ma'aikatar Watsa Labarai a Badun, daga bisani ya koma Ikko. Tun daga 1968 ya duƙufa kan ɗaukar kitson matan Nijeriya, har ya tara wajen dubu. An baje wasunsu a babban bikin nunin zane-zane na Benis, ƙasar Italiya, cikin 2013, shekara guda kafin rasuwarsa.

Wanda ya lura da hotunan nan zai ga galibi ta ƙeya aka ɗauke su, domin can kitson yake. Bayan matar kuwa fayau, babu kujera, babu labule mai furanni, babu ɗan kallo. Kitson ya cika hoton. Wannan shi ne darasin farko ga mai koyo: ya san abin da yake son nunawa, ya matsa kusa, sa'an nan ya dubi abin da ke bayansa. Taku biyu zuwa dama ya isa ya raba rawani da turken lantarki. Masana kan ce a raba hoto gida uku a tsaye, uku a kwance, a ajiye mutum kan ɗaya daga layukan maimakon tsakiya. Shawara ce mai amfani, amma ba farilla ba ce. Ojeikere kansa a tsakiya yakan sa kan matar.

Sai batun haske, wanda abu uku ke sarrafa shi. Akwai ƙofar da haske ke shiga, mai lambobi irin su 5.6, 8, 11 da 16. Abin da kan ruɗa baƙo shi ne, in lamba ta ƙaru ƙofar tsukewa take yi. Akwai marfin da ke buɗewa ya rufe kamar ƙiftawar ido. Na uku shi ne lambar ISO, wadda mutanen zamanin fim suka sani da ASA. Tsohuwar ƙa'ida ita ce: in rana ta take, ISO na kan 100, a sa ƙofa a 16, marfi kuma kashi ɗaya cikin 125 na sakan. Wannan ya ishi mutumin da ke tsaye. Doki mai sukuwa kuwa sai an kai marfi kashi ɗaya cikin 1,000, a buɗe ƙofa zuwa 5.6 don a rama hasken da aka rage.

Babbar matsala a ƙasar nan ita ce farar riga da baƙar fata cikin zafin rana. Kyamara na ganin farin shadda sai ta ɗauka haske ya yi yawa, ta rage, fuska ta ɓace. Ga rawani ko hula na jefa inuwa kan idanu. Maganinsa a kai mutum gindin bishiya ko bakin zaure, ko a jira bayan la'asar sa'ad da rana ta karkata. In babu hali, a ƙara haske mataki ɗaya. Mai waya kuwa ya taɓa fuskar a jikin gilashi kafin ya ɗauka.

Game da mahaya, mai koyo ya durƙusa maimakon ya ɗaga hannu sama, don doki ya fito da kwarjininsa, ya kuma bar fili a gabansa, ta wajen da ya nufa. Sai dai ya tsaya bayan layin dogarai, domin dokin da aka saki ba ya jiran mai hoto ya gyara lamba.