Sukurat a cikin wasan Assassin's Creed Odyssey

Sukurat, masanin falsafar nan na birnin Atina da ke ƙasar Girka, yana cikin mutanen tarihi da suka fito a wasan bidiyo mai suna Assassin's Creed Odyssey, wanda reshen kamfanin Ubisoft da ke Kebek ta Kanada ya jagoranci shirya shi, aka fitar a watan Oktoba na 2018. Labarin wasan ya fara ne a shekara ta 431 kafin Miladiyya, shekarar da yaƙi ya ɓarke tsakanin Atina da Isparta. Mai wasa yakan zaɓi ya zama Kasandara ko ɗan'uwanta Aleksiyos, sojan haya mai yawo daga wannan tsibiri zuwa wancan, yana haɗuwa da manyan mutanen zamanin irin su Ferikilis shugaban Atina, da Hirodotus marubucin tarihi, da Hifokiratis likita.

An haifi Sukurat wajajen shekara ta 470 kafin Miladiyya. Mahaifinsa mai sassaƙar dutse ne, mahaifiyarsa kuma ungozoma. Bai bar ko shafi ɗaya na rubutu ba, don haka duk abin da aka sani game da shi ya zo ne ta hannun wasu. Almajiransa biyu, Aflaton da Zinofon, sun rubuta hirarrakinsa cikin girmamawa. Aristofanis kuwa, marubucin wasannin barkwanci, ya mai da shi abin dariya a wani wasa da aka nuna a shekara ta 423. Duk wanda zai zana Sukurat a yau dole ya zaɓi abin da zai ɗauka daga waɗannan shaidu da ba su dace da juna ba.

Masu shirya wasan sun ba shi gemu da mayafi mara ado, kamar yadda magabata suka siffanta shi da rashin damuwa da sutura ko dukiya. Inda suka fi yin ƙoƙari shi ne salon maganarsa. Sukurat na tarihi ba mai tsayawa ya yi wa jama'a huɗuba ba ne. Yakan tare mutum a kasuwa ya tambaye shi mene ne adalci ko jarumta, idan ya amsa sai ya kawo misalin da amsar ba ta ɗauka ba, ya sake tambaya, har mutumin ya gane cewa bai san abin da yake zaton ya sani ba. Wannan salo ya dace da wasan bidiyo fiye da littafi, domin mai karatu kallon muhawara kawai yake yi, mai wasa kuwa shi ake tambaya, kuma sai ya zaɓi amsa kafin labari ya ci gaba. A wani sashe Sukurat ya gabatar da batun wani ɓarawon doki da ke cewa buƙata ce ta tilasta masa, ya nemi mai wasa ya yanke hukunci. Ko wace amsa aka ba shi, sai ya sami inda ta gaza. Gundurar da mai wasa ke ji a nan ita ce irin wadda mutanen Atina da yawa suka ji, kuma wannan darasi ne na tarihi da ba a samunsa cikin sauƙi a aji.

Sai dai wasan ya rage masa nauyi. Sau da yawa yakan fito a matsayin mai yawan surutu da ake yi wa dariya, abin da ya fi kusa da zanen Aristofanis. Alhali a cikin shekarun da labarin ya ƙunsa, Sukurat soja ne mai ɗaukar garkuwa da mashi. Ya halarci yaƙin Fotidiya, inda Aflaton ya ruwaito cewa ya ceci ran wani ɗan Atina mai suna Alsibiyadis bayan an ji masa rauni, ya kuma halarci na Diliyum a 424 da na Amfifolis a 422. Mutumin da ke tambayar ma'anar jarumta ya ga mutuwa ido da ido, kuma mai wasa ba ya jin wannan sosai.

Akwai kuma ƙirƙira tsantsa. Ferikilis ya mutu a 429 sanadiyyar annobar da ta afka wa Atina, amma a wasan kashe shi aka yi. Kasandara da Aleksiyos ba su taɓa wanzuwa ba, don haka duk hirarsu da Sukurat aikin marubutan kamfanin ne. Shi ma Ubisoft ya san da wannan giɓi, domin a 2019 ya ƙara wani sashe na yawon ilimi wanda babu faɗa a cikinsa, inda ake zagaya wuraren tarihi ana sauraron bayani.

Ƙarshen rayuwar Sukurat ya faru ne shekaru da dama bayan zamanin babban labarin wasan. A shekara ta 399 aka gurfanar da shi gaban masu shari'a kimanin 500, bisa zargin ƙin girmama allolin birni da ɓata tarbiyyar matasa. Aka yanke masa hukuncin kisa, abokansa suka shirya masa hanyar tserewa daga kurkuku ya ƙi, ya sha guba yana da shekara kusan 70. Wanda wasan ya sa masa sha'awar sanin wannan mutum, ya nemi littattafan Aflaton da ke ba da labarin shari'ar da ranar mutuwarsa, domin a nan ne cikakken bayanin yake.